Me Ya Sa Mama Ta Daina Waƙa?

A wata unguwa a Kafanchan, can bayan tsohon layin dogo, akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Tana da suna kamar kowa, amma ba mai kiranta da shi. Kowa Meyasa yake ce mata, domin bakinta ba ya rabuwa da tambaya.

"Me ya sa kaza ba ta fitsari?"

"Me ya sa citta take da yaji, alhali a cikin ƙasa mai sanyi take kwana?"

Kakarta, Kaka Damaris, takan toshe kunne ta ce, "Ke, ki bar ni in sha kununa. Tun safe kin yi mini tambaya goma sha biyu, kuma ko rana ba ta yi ba."

Mamanta ce kaɗai ba ta gajiya da ba ta amsa. Sunanta Faustina, nos ce a wani asibiti a cikin gari. Babanta kuwa direban babbar mota ne. Yana bin hanyar Kagarko, sai ya yi sati biyu bai leƙo gida ba.

Bayan allura, abin da aka san Mama da shi shi ne waƙa. Tana shara tana waƙa. Tana tuƙa tuwo tana waƙa. Ita ce kuma mai buga tulu a Zumuntar Mata ta cocinsu. Tulun na ƙasa ne, babba, mai faɗin baki. Ana buga bakinsa da wani ɗan soso mai kauri, sai ya ce bum, bum, har ka ji shi a ƙirjinka. Kowace Alhamis da yamma mata sukan taru koyon waƙa, Meyasa ce take ɗaukar wa Mama tulun a ka.

Ana nan, a tsakiyar wata damina, sai cutar mashaƙo ta shigo gari. Cuta ce mai kama maƙogwaro, kuma ta fi kama yara. Asibiti ya ware ɗaki guda don masu ita. Aka sa Mama a wannan ɗakin.

Daga nan abubuwa suka fara canzawa a gida.

In Mama ta dawo aiki, ba ta shiga ta ƙofar gaba. Sai ta zagaya baya, inda bokiti da sabulu suke jiranta. Ta wanke jiki, ta canza kaya, sannan a gaisa. Wannan Meyasa ta gane shi, don Mama ta yi mata bayani tun ranar farko.

Amma akwai abubuwan da ba a yi mata bayaninsu ba. Mama ta daina waƙa. In an zuba mata faten acca, wanda ta fi so a duniya, sai ta yi cokali biyu ta ture. Takan zauna ta zuba wa bango ido, har Kaka ta kira ta sau uku ba ta ji ba. Ɗan lambun cittar da ke bayan gida, wanda da ba ta bari ko tsinken ciyawa ya kwana a ciki, ya zama daji.

Sannan kowace safiya sai ta kama haɓar Meyasa, ta kunna tocilan.

"Buɗe baki. Ce aaa."

"Aaa."

"Ƙara buɗewa."

Wata rana har sau biyu take dubawa kafin a tafi makaranta.

"Mama, me ya sa kike duba ni kullum? Ai ba na ciwo."

"Ba yanzu ba," in ji Mama.

"Me ya sa kika daina waƙa?"

"Na ce ba yanzu ba. Ɗauki jakarki."

Mama ba ta taɓa ce mata haka ba. Abin ya yi wa Meyasa zafi, ya kuma tsaya mata a rai.

Wuri ɗaya ne ya rage inda fuskar Mama take sakewa: wajen Zumunta, ranar Alhamis. Ko a can ba ta rera waƙar. Amma da ta ɗora soso a bakin tulu, sai kafaɗunta su sauka, ta lumshe ido. A hanyar dawowa ma takan yi ɗan murmushi.

Ranar wata Litinin, malamin ajinsu, Malam Gershon, ya rubuta alamomin mashaƙo a allo. Zazzaɓi. Ciwon maƙogwaro. Dashewar murya. Kasa cin abinci. Kumburin wuya.

"Ku kwafa," in ji shi. "In kun ga wani da waɗannan alamu, ku gaya wa babba, a kai shi asibiti. Babba na ce, ba abokin wasa ba. Kun ji?"

"Mun ji, Malam."

Meyasa ma ta ce ta ji. Amma gaskiya rabin maganar ne ya shiga kunnenta. Idonta yana kan allo, zuciyarta tana gida. Dashewar murya. Kasa cin abinci. Sai ta tuna da Mama.

Ta yanke shawara za ta yi bincike. Tunda ba a ba ta amsa, za ta nemo da kanta.

Da yamma ta ɓoye littafinta a ƙarƙashin tabarma, tana kallon Mama ta wutsiyar ido. Mama ta ture tuwo. Meyasa ta jawo littafi, ta sa alama a gaban "kasa cin abinci". Har aka tashi Mama ba ta yi waƙa ba, maganarta ma ƙasa-ƙasa. Ta sa alama a gaban "dashewar murya".

Ranar Talata aka tashi da ruwan sama. Mama ta naɗa gyale a wuya kafin ta fita. Meyasa ta yi tsaye tana tunani. Me ya sa za a rufe wuya in ba a ɓoye wani abu? Ta sa alama ta uku, a gaban "kumburin wuya". Ita kanta a ranar rigar sanyi biyu ta saka, amma mai bincikenmu ba ta tuna da wannan ba.

Ranar Laraba da safe ta je ɗaukar man shafawa a ɗakin Mama. Da ta ɗaga labule, sai ta tsaya cak. Mama tana gaban madubi, bakinta a buɗe, tana haska maƙogwaronta da tocilan. Hawaye yana bin kumatunta.

Meyasa ta saki labulen a hankali. Ta sa alama ta huɗu, a gaban "ciwon maƙogwaro".

Kaka tana tsakar gida tana tsince wake. Da Meyasa ta tsaya ta gaya mata, da labarin nan ya ƙare a nan. Amma ta wuce ta da sauri, ta tafi makaranta da abin a cikinta.

Lokacin tara, ƙawarta Bridget ta miƙo mata rabin gasasshiyar masara.

"Wai me ya same ki yau? Ko tambaya ɗaya ba ki yi wa Malam ba."

Meyasa ta waiga hagu da dama. Ta buɗe littafin.

"Zan nuna miki wani abu, amma kar ki gaya wa kowa. Mamana ta kamu da mashaƙo. Tana ɓoyewa ne."

Bridget ta zaro ido. "Ita ta faɗa miki?"

"A'a. Ni na gano. Duba, huɗu cikin biyar."

Bridget ta dubi masarar da suke ci tare. Ta ajiye nata rabin a kan benci, ba ta ƙara taɓawa ba.

Bridget ba muguwa ba ce. Tsoro ne ya kama ta, don tana da ƙane ɗan wata takwas a gida. Tana isa ta faɗa wa mamanta. Mamanta kuwa, Joanna, ita ce shugabar Zumuntar Mata. Ta gaya wa mace ɗaya tak, don neman shawara. Ita ma waccan ta gaya wa mace ɗaya tak. Kafin magariba, unguwa ta ɗauka.

Ranar Alhamis da safe, Nelson, mai acaɓan da yake kai Mama aiki kullum, ya zo wucewa. Mama ta ɗaga masa hannu. Ya kau da kai, ya ƙara wuta. Sai da ta taka har bakin titi.

A makaranta, yaran da suke benci ɗaya da Meyasa suka matsa suka cunkushe a ƙarshe. Ita kaɗai ta zauna da fili kamar mai jiran mota. A nan ta fara shan jinin jikinta.

Da yamma Mama ta ɗaura zanen Zumunta. Meyasa ta ɗauki tulu, amma yau ya yi mata nauyi. Da suka shiga harabar coci, mata suna zaune a ƙarƙashin mangwaro suna hira. Hirar ta mutu. Wata ta jawo kujerarta baya. Wata ta rufe hanci da bakin zani.

Maman Bridget ta miƙe, amma ba ta matso ba.

"Sista, sannu da zuwa. Da dai kin je gida kin huta tukuna."

"In huta? Me ya faru?"

"An ce kin kamu da ciwon nan. Ba don komai ba, kin san muna da yara."

"Ni? Wa ya ce?"

Meyasa ta sunkuyar da kai, tulu yana rawa a kanta. Bakinta, wanda ba ya taɓa rufuwa, ya ƙi buɗuwa.

Mama ta dubi matan ɗaya bayan ɗaya. Wasu ita ta karɓi haihuwarsu. Ta juya, suka kama hanyar gida.

A gida Mama ta karɓi tulun, ta kai shi ɗakin ajiya, ta kife shi a bayan buhun masara. Sannan ta ɗauko fararen kayan aikinta, ta ninke su, ta sa a ƙasan akwati.

Kaka ta tsaya a bakin ƙofa. "Faustina, mene ne haka?"

"Na gama, Mama. Can ina kallon yara suna wahala, nan mutanena suna guduna. Ba zan koma ba."

Ranar Juma'a Mama ba ta je aiki ba. Ba ta ma fito daga ɗaki ba. Ko tocilan ba ta kunna ba. Da, Meyasa takan ji haushin "ce aaa". Ranar nan kuwa ta tsaya a ƙofar ɗaki da jakarta, tana fata a kira ta. Ba a kira ta ba.

Ranar Asabar da hantsi ta kasa daurewa. Ta samu Kaka tana wanke tukunya, ta tsuguna kusa da ita.

"Kaka, in mutum ya faɗi wani abu, ya zama babba, me zai yi?"

Kaka ta ajiye tukunyar. Ta daɗe tana kallonta.

"Wannan tambaya ba irin naki na kullum ba ne. Faɗa mini."

Meyasa ta fashe da kuka, ta faɗi komai. Kaka ba ta dake ta ba, ba ta yi mata tsawa ba. Ta goge hannu da zani ta ce, "Tashi. Ba ni za ki gaya wa ba. Ɗauko littafin."

Suna shirin shiga ɗaki sai aka yi sallama. Wata mace ce mai furfura da tabarau, riƙe da lema. Matron Mildred ce, shugabar su Mama a wurin aiki. Ita ba ta tsaya daga nesa ba. Ta shiga ɗakin kai tsaye, ta zauna a bakin gado, ta kama hannun Mama.

"Kwana biyu ban gan ki ba, Faustina. Wayarki a kashe."

Mama ta buɗe baki za ta yi magana, sai Kaka ta turo Meyasa gaba.

"Ku bari wannan ta fara. Tana da magana."

Meyasa ta miƙa littafin da hannu biyu. "Mama, ni ce. Ni na gaya wa Bridget kin kamu. Ki yi haƙuri."

Mama ta dubi shafin. Ga alamomi biyar, ga alama huɗu da jan biro.

"Ke ce?" ta ce a hankali.

"Na ga kin daina waƙa. Ba kya cin abinci. Kin rufe wuya. Kuma na gan ki kina duba bakinki kina kuka. Na ji tsoro za ki mutu."

Matron ta karɓi littafin, ta gyara tabarau.

"Wannan bincike ya yi tsari," in ji ta. "Idonki yana gani sosai, 'yata. Duk abin da kika rubuta kin gan shi. Amsar ce kawai ba daidai ba."

Meyasa ta share hanci. Duk da kukan, tambaya ta taso mata.

"To, Matron, me ya sa?"

"Mamanki ba ta da mashaƙo. An yi mata rigakafi, an kuma gwada ta sau biyu. Abin da ke damunta ba a maƙogwaro yake ba. A nan yake." Ta dafa ƙirjinta, ta kuma taɓa kanta. "Damuwa ce, da gajiyar zuciya."

"Zuciya tana gajiya?"

"Sosai. In kika ɗauki bokitin ruwa daga famfo, wuyanki yana gajiya, ko? To, in mutum yana ganin wahala kullum, ba hutu, ba wanda zai gaya wa, zuciyarsa ma tana gajiya. Sai abinci ya fita ransa. Barci ya ƙi zuwa. Abin da yake so da, ya daina so."

"Tocilan yana nuna shi?"

Matron ta yi murmushi. "Ba ya nunawa. Shi ya sa mutane ba sa ganewa. Amma ciwo ne na gaske, kuma yana da magani."

Sai Mama ta jawo Meyasa, ta zaunar da ita a gefenta.

"Sati uku da suka wuce, an kawo mana wata yarinya," in ji ta. "Sa'arki ce. Kitsonta irin naki. An kawo ta a makare. Mun yi duk abin da za mu iya, amma ba ta tashi ba. Tun ranar, in na rufe ido sai in ga ke ce. Shi ya sa nake duba ki. Shi ya sa nake duba kaina, don kar in kawo miki."

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Na ɗauka nos ba ta kuka. Na ɗauka in na faɗa, za a ce na kasa."

"Ni shekara talatin ina wannan aiki," in ji Matron, "kuma satin nan na yi kuka a bayan ɗakin magani. Faustina, laifina ne da ban lura da ke da wuri ba. Mun samu likitan da ke sauraron damuwa. Kowace Juma'a za mu zauna da shi, mu duka, mu yi magana. Ki ɗauki hutun kwana biyar. Amma ki dawo. Yaran nan suna tambayar ina Sista mai sanyin hannu."

Mama ta girgiza kai. "Aikin zan iya, Matron. Amma in dawo gida a riƙa toshe mini hanci? Wannan ne ba zan iya ba."

Meyasa ta dubi akwatin da fararen kaya suke ciki. Ta gane cewa "yi haƙuri" bai isa ba. Ita ta kunna wutar, ita ya kamata ta ɗebo ruwa.

Ranar Lahadi Mama ba ta je coci ba. Bayan sujada, mata suka taru a ƙarƙashin mangwaro kamar kullum. Kaka ta riƙo hannun Meyasa har tsakiyarsu.

"Jikata tana da sanarwa," in ji Kaka. Ta koma gefe ta bar ta.

Mata wajen talatin suna kallonta.

"Iyayena, ina kwananku. Ni na ce Mamana ta kamu. Ba gaskiya ba ne. Ba ta gaya mini ba, likita bai faɗa ba, ni na zata. An gwada ta sau biyu, ba ta da shi. Amma ba ta da lafiya. Zuciyarta ce ta gaji, saboda yaran da take gani a asibiti. A nan Zumunta ne kaɗai take jin daɗi. Yanzu ta kife tulunta."

Can sai Maman Bridget ta sauke ajiyar zuciya, ta gyara goyon da ke bayanta.

"Yarinya ta yi kuskure, ta zo ta faɗa," in ji ta. "Mu fa? Mu manya ne. Wace ce a cikinmu ta je ta tambayi Sista? Ni tun da ciwon nan ya shigo ba na barcin kirki. In yaron nan ya yi tari sau ɗaya, sai jikina ya mutu. Tsoro ne ya sa na yarda da maganar ban bincika ba."

"Ni ma haka," in ji wata. "Na hana yarana fita ko ƙofar gida."

"Ni rediyo ma na daina kunnawa," in ji wata.

Meyasa ta yi mamaki. Ashe ba Mama kaɗai ba ce. Ashe duk unguwar a tsorace take, kowa yana ɓoye nasa.

Ranar Litinin ta sake yin bayanin a gaban aji. Malam Gershon ya saurara har ta gama.

"Me na ce ku yi in kun ga alamu?" ya tambaya.

"Mu gaya wa babba," in ji ajin.

"Ke fa, kin ji wannan ranar?"

"Rabi na ji, Malam."

Ajin ya yi dariya, har da ita. Bridget ta matso kusa da ita a benci, ta ce a hankali, "Ni ma ki yi haƙuri."

Da la'asar ranar, Meyasa tana wanke kwanuka sai ta ji hayaniya a bayan gida. Ta leƙa. Matan Zumunta ne, kowace da fartanyarta. Ba su yi doguwar magana ba. Suka shiga lambun citta suka kama nome.

Bayansu ga wata Bafulatana, Hajjo, da ƙwaryar kindirmo a ka, tana riƙe da hannun wani ɗan yaro siriri.

"Nan ne gidan Sista?" ta tambayi Kaka. "Na je asibiti ba ta nan. Wannan Mahfuz ne. Kwana tara ta yi a kansa. Na kawo shi ta ga yana cin abinci."

Kaka ta shimfiɗa musu tabarma. Ta leƙa ɗaki ta gaya wa Mama. Mama ta ce tana zuwa, amma ba ta fito ba.

Sai mata suka ɗauki waƙa suna noma. Waƙar ba ta da daɗi, don ba tulu. Maman Bridget ta dubi tagar ɗakin Mama, ta ƙifta wa Meyasa ido. Ta jawo bokitin roba, ta kife shi, ta fara bugawa da tafin hannu.

Kai, ba a taɓa jin mugun kiɗa irin wannan ba. In waƙa ta yi gabas, bokiti ya yi yamma. Mata suna rera, suna danne dariya. Maman Bridget kuwa ta dage, tana ƙara ɓata shi.

Labulen taga ya motsa. Aka ɗan jima. Sai ga muryar Mama daga ciki.

"Wai wace ce take kashe waƙar nan?"

"Ni ce, Sista," in ji Maman Bridget. "Mai tulunmu ba ta nan, sai mu yi da abin da muke da shi."

Ta ci gaba da bugawa. Ba a yi minti ɗaya ba Mama ta fito, ɗankwali a karkace.

"Joanna, don Allah ajiye bokitin nan. Meyasa, ɗauko mini tuluna."

Meyasa ba ta taɓa gudu irin na ranar ba. Ta ture buhun masara, ta ɗauko tulun, ta goge ƙurar da rigarta.

Maman Bridget ta matso, wannan karon har gaban Mama. Ta kama hannuwanta biyu.

"Mun yi miki laifi. Kina tsare mana yara, mu muka guje ki. Ki gafarta mana."

Mama ta gyaɗa kai. Mahfuz ya zo ya rungume ƙafarta. Ta shafa kansa, ta ɗaga haɓarsa ta dubi wuyansa, don hali ba ya barin mai shi. Sannan ta zauna a kan turmi, ta sa tulu a gabanta, ta ɗora soso.

Bum. Bum. Bum.

Waƙa ta miƙe tsaye. Fartanyu suka bi kiɗa. Hajjo ba ta san waƙar ba, amma tana kaɗa kai. A baiti na biyu, Meyasa ta ji wata murya ta shigo, a dashe, tana rawa kaɗan. Ta waiga. Mama ce. Tana waƙa, hawaye yana zuba, kuma ba ta ɓoye shi ba.

Mama ba ta warke rana ɗaya ba. Gajiyar zuciya tana ɗaukar lokaci, kamar kowane ciwo. Amma da hutunta ya ƙare, ta buɗe akwati, ta goge fararen kayanta. Nelson ya tsaya a ƙofar gida tun kafin ta fito, yana sosa ƙeya. Kowace Juma'a tana zuwa zaman da suke yi da likita. Kowace Alhamis tulu yana kan Meyasa.

Safiyar da za ta koma aiki, Mama ta kama haɓar Meyasa, ta kunna tocilan.

"Ce aaa."

"Aaa."

Sau ɗaya ta duba, ta kashe. Sai Meyasa ta riƙe hannunta.

"Saura ke, Mama."

"In buɗe baki?"

"A'a. Naki tocilan ba ya nunawa. Yaya zuciyarki yau?"

Mama ta yi tunani da gaske.

"Da ɗan nauyi," in ji ta. "Amma ba kamar jiya ba. Na gode da kika tambaya."

Tun daga ranar, wannan ce tambayar da Meyasa take fara yi kowace safiya. Ko Kaka ba ta toshe kunne in an yi mata ita.

Meyasa ta koyi darasi biyu. Na farko, in ka ga abin da ba ka gane ba, ka tambayi babba, kada ka yaɗa zato. Na biyu, masu kula da marasa lafiya su ma mutane ne. Suna gajiya, suna tsoro, suna kuka. A lokacin annoba, kada mu guje su. Mu gaishe su, mu saurare su, mu taimake su, don su samu ƙarfin kula da mu.